Shanun da ake yankawa a kwatocinmu: me ya canza, kuma me ake dubawa kafin a buga hatimi?

Ɗan Rumde, Garwa

Assalamu alaikum 'yan zaure, da fatan an wuni lafiya. Tambayata ga likitocin dabbobi ce da manyan fawa da ke cikinmu.

Ana ta cewa yankan shanu ya ƙaru a Garwa da Marwa da Gaundare, nan arewacin Kamaru, amma nama bai yi araha ba, kuma abin da ke rataye a rumfunan mahauta ba manyan bijimai ba ne irin na da. Guzuma ce, ko karsana, ko ɗan maraƙin da bai gama famfara ba. Wasu na cewa alamar samu ce, mutane sun iya sayen nama. Wasu na cewa garke ne ake cinyewa daga tushe. Wanne ne gaskiya, kuma ta ina ake ganewa?

Na biyu, hatimin nan da ake bugawa a jikin nama, me aka duba kafin a buga shi? Ina son dalla-dalla: wace gaɓa ake tsagawa, me ake nema a ciki, yaushe ake ƙwace hanta kawai, yaushe ake ƙwace saniya sukutum.

Ta ukun ƙarama ce. Alƙaluman hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya sukan haɗa shanu da ɓauna a wuri ɗaya. Mu da ba ma kiwon ɓauna, ina ruwanmu da ita?

Dokta Mai Shanu, Marwa

Wa alaikumussalam Malam. Bari in fara da ta ƙarshen. Ɓaunar da ke cikin waɗancan alƙaluma ta gida ce, baƙa mai son kwanciya cikin ruwa, wadda ake kiwo a Indiya da Fakistan da Masar, ana tatsarta ana huɗa da ita. A Kamaru da Cadi lissafin nan na shanu ne zalla. Tamu ɓaunar ta daji ce, tana gandun Binuwai da Faro da Buba Njida, da Zakuma a Cadi, ba ta zuwa kwata. Amma tana taɓa mu ta hanya biyu. Takan ɗauki ciwon baki da kofato, wanda Fulani ke kira mboru, ba tare da ya kwantar da ita ba, don haka garken da ya kutsa gandun daji da rani ya sha ruwa tafki ɗaya da ita yana iya dawowa da tsaraba. Sannan Indiya na cikin manyan masu fitar da naman ɓauna daskararre, kuma yana sauka a Gabon da Kongo, kasuwannin da namanmu ma yake hari.

To, ga babbar tambayar. Yawan kawunan da aka yanka shi kaɗai ba ya faɗin komai. Littafin kwata sai ya nuna abu huɗu kafin a karanta shi: namiji ne ko mace, shekarunta, tana da ciki ko babu, da nauyin naman da ta bayar. Idan kawuna sun ƙaru amma nauyin kowace ya ragu, ba nama ne ya ƙaru ba, wuƙa ce ta sauka kan ƙanana.

Dalilin farko da ya sa kuke ganin mata shi ne bijimi mai kyau ba ya kwana a arewa. Gudali, manyan shanun Adamawa ta Kamaru, jirgin ƙasa da manyan motoci ke kwashe su daga Gaundare zuwa Yawunde da Duwala. Na kasuwannin Adumri da Bogo kuwa da yawansu Najeriya suke nufa. Wanda zai biya kuɗin mota da na hanya ba zai ɗora ramammiyar saniya ba, sai wadda za ta mayar masa da kuɗinsa. Abin da fatake suka tsallake shi ne rabon mahaucin gari.

Na biyu, kan iyaka. Daga 2014 rikicin Boko Haram ya toshe hanyar Fotokol zuwa Gamboru da ta Amcide zuwa Banki, shanu suka riƙa zagaye mai nisa. Naira ta faɗi a 2016, ta sake faɗuwa warwas daga Yunin 2023. Duk lokacin da naira ta yi ƙasa da sefa, mai saye daga Najeriya hannunsa ya gajarce, shanun da da za su ƙetare sai su tsaya a yanka su nan. Littafin kwata zai nuna ƙari, amma makiyayi bai ƙaru da komai ba.

Na uku shi ne sayarwar dole, kuma ita ce ta fi damuna. Bafillace ba ya rabuwa da saniya mai haihuwa don marmari. Kuɗin fansa a shekarun da satar mutane ta addabi makiyayan Adamawa, gudun hijira daga Afirka ta Tsakiya tun 2013, ambaliyar 2022 da ta 2024 a bakin kogin Logon, da bazarar kowace shekara lokacin da buhun abincin shanu na auduga ya fi ƙarfin mai garke: waɗannan ke fito da mata kasuwa.

Amma a bambance. Guzumar da haƙoranta suka cinye, ba ciki ba nono, yanka ta gyaran garke ne. Asarar tana kan karsana da mai ciki. A baki ake gane shekaru: haƙoran gaba na dindindin biyu, wajen shekara 2 ke nan ko ɗan fiye, huɗu, wajen 3, shida, 3 da rabi zuwa 4, takwas, ta kai 4 da rabi zuwa 5. Saniyarmu sai wajen shekara 4 take haihuwar fari, sannan duk shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ta sake. Wadda aka yanka da haƙori biyu an ci ta ne bayan an gama wahalar rainonta, kafin ta biya ko maraƙi ɗaya daga cikin biyar zuwa bakwai da za ta iya bayarwa.

Shanu sun fi ɗaukar barbara daga tsakiyar damina zuwa kaka, lokacin da suka ƙoshi, cikin kuma wata tara ne da 'yan kwanaki. Shi ya sa daga Fabrairu zuwa Afrilu 'yan tayin da ke fitowa a kwata manya ne. Gane ciki kafin yanka ba ya buƙatar na'ura: safar hannu mai kaiwa kafaɗa, a sa hannu ta dubura a taɓa mahaifa. Ƙwararre yana tabbatarwa daga wata biyu, cikin minti biyu. Ɗan tayin wata biyu kamar ɓera yake, na wata uku kamar gafiya ƙarama, na wata biyar kamar babbar kyanwa.

Wakilin Fawa, Gaundare

Dokta, Allah ya ƙara sani. Abin da ka faɗa haka yake, sai dai akwai ɓangaren da ba a gani daga ofis.

Mahauci da ido yake saye, kuma yawanci bashi ne: ya karɓi saniya hannun dillali, sai ya sayar ya biya. Saniya mai kilo 300 a tsaye tana ba da nama da ƙashi kilo 140 zuwa 155, ramammiya ma ba ta kai ba. Kuɗin naman nan kusan duka na mai saniya ne. Ribar mahauci tana cikin kai da ƙafa da fata da kayan ciki. Hanta ɗaya kilo huɗu ce zuwa biyar, kuma ta fi komai saurin fita. Ranar da aka ƙwace ta, an ƙwace cefanen gidansa. Ranar da aka ƙwace saniya gaba ɗaya, bashi ya hau kansa, dillali kuwa ba ruwansa, ciniki ya faɗa tun a kara. Ba wanda ke biyan diyya. To mutumin da ya ga saniyarsa tana tari, ya san abin da zai faru idan ya kai ta kwata, ina kuke zaton zai yanka ta? Bayan gida, da tsakar dare, naman kuma ya shiga kasuwa ɗaya da mai hatimi. Saboda haka idan littafinku ya nuna tarin fuka ya ragu, kada ku yi saurin murna, mai yiwuwa masu tarin ne suka daina zuwa.

Mai ciki ma ba riba ba ce gare mu. Da rani ita ce ke cika ido a kara, don cikinta ya fito, sai a saye ta da tsada. A farke ta, ɗan tayi da mahaifa da ruwa su tafi da kilo ashirin ko fiye idan cikin ya tsufa. Wurin duba ciki kara ne, kafin a tafa hannu. In an bari sai ƙofar kwata, an riga an biya, kuma ba mahaucin da zai koma gida da saniya ya yi kiwonta wata huɗu.

Abu biyu za su gyara da yawa. Asusu: a sa wani abu kaɗan a kan kowace saniyar da ta shiga kwata, ƙungiyar mahauta ta riƙe, wanda aka ƙwace wa saniya a biya shi rabi ko kashi biyu cikin uku, da sharaɗin an duba ta da rai kafin yanka. Sai lokaci. Yanka ana fara shi ne tun kafin gari ya waye, don nama ya isa kasuwa da sanyin safiya. Idan mai dubawa ya iso rana ta take, kawuna ashirin suna tsibi guda, huhu suna wani tsibin, wa zai ce wannan huhun na waccan saniya ne? Lamba ɗaya a kai, a kayan ciki, a cinya, ko da fenti ne, ta raba gardama.

Mu ma da namu laifin. Saniyar da aka koro daga nesa, aka jibge ta da sanda, aka kayar nan take, namanta baƙi yake fitowa, ba ya tsane jini sosai, kafin la'asar ya fara canzawa. Tsofaffin fawa sun san a bar ta ta kwana ta sha ruwa.

Malama Mai Hatimi, Garwa

Baba Wakili, ranka ya daɗe, maganar lamba da ta asusu ba abin cirewa. A Kamaru dokar 2000/017 ta Disambar 2000 ce ta tsara duba lafiyar dabba da nama, kuma aikin kashi biyu ne. Wanda aka fi tsallakewa shi ne na farko.

Duba da rai. Dabba ta huta awa 12 zuwa 24, ga ruwa. A gan ta a tsaye, a gan ta tana tafiya, da hasken rana ko fitila mai ƙarfi. Ana neman tari, numfashi da ƙyar tana miƙe wuya, dalala, gyambo a baki ko tsakanin kofato, kumburin gwiwa mai ruwa irin na bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, zawo, ruwa mai wari daga farji, da kumburin wurin allura a wuya ko cinya. Ma'aunin zafi a dubura: lafiyayya 38 zuwa 39 da ɗan kai. Wadda ta haura 40 a inuwa bayan ta huta a ware ta. Wadda aka kawo kwance a amalanke ita ce abar tsoro, a yanka ta ƙarshe, a gefe.

Bayan yanka, ido tukuna, sai hannu, sai wuƙa. Kuma kaluluwa ita ce mai ba da labari, domin duk cutar da ta shiga gaɓa sai ta bar sawu a kaluluwar da ke gadin gaɓar.

A kai ana zaro harshe a shafa shi, a tsaga kaluluwar bayan maƙogwaro da ta ƙarƙashin muƙamuƙi da ta gindin kunne. Sai naman kumatu, tsaga biyu a waje, ɗaya a ciki, a bi shimfiɗar ƙashi. Abin nema ƙwaya ce fara kamar shinkafa, mai ruwa a ciki. Wannan ita ce jaririyar tsutsar ciki mai faɗi, wadda ke girma a hanjin mutum har mita biyar ko fiye. Saniya ta same ta ne daga ciyawar da mutum ya yi bayan gida a kai. Ana sake nemanta a zuciya, a tsaga ta daga sama zuwa ƙasa, da tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Ƙwaya ɗaya ko biyu, a yanke wurin, sauran naman ya shiga ɗakin sanyi mai digiri 10 ƙasa da sifili na aƙalla kwana goma, ko a dafa shi sosai kafin sayarwa. Idan duk inda aka tsaga sai an gani, saniyar ta tafi. Matsalar ita ce kwatar da ba ta da ɗakin sanyi ba ta da matsakaicin hukunci, ko a saki ko a ƙwace, kuma kun san wanne ya fi sauƙi.

Huhu shi ya fi cin lokaci. A matsa shi da hannu biyu daga sama har ƙasa, a buɗe maƙogwaro, a yanka kaluluwar da ke mararrabar hanyoyin iska da doguwar da ke tsakanin huhu biyu, yanka siri-siri kamar ana yanka albasa, don ƙullin tarin fuka yana iya zama kamar ƙwayar gero. Idan an same shi, rawaya-rawaya ne kamar cuku, wuƙa tana ƙaras-ƙaras kamar ta bi ta kan yashi. Wani lokaci za a ga ƙulle-ƙulle jere a bangon haƙarƙari kamar ƙwayoyin carbi. Hukunci: in ya tsaya a gaɓa ɗaya da kaluluwarta, saniyar kuma tana da jiki, gaɓar ce ke tafiya. In ya bayyana a huhu da hanta da saifa ko ƙoda, ko ya watsu ƙanana-ƙanana, ko saniyar ta rame, duka ne. Dabarar kankare bangon haƙarƙari kafin mai dubawa ya iso sananniya ce, kuma haƙarƙarin da aka kankare shi kansa shaida ne.

Kada a rikita shi da ciwon huhu na shanu. Shi yawanci gefe ɗaya yake kamawa, huhun ya yi tauri kamar hanta, in an yanka a ga zane-zane ja da toka da rawaya, ga ruwa rawaya a ƙirji, huhun ya manne da haƙarƙari. Ba ya kama mutum, amma yana share garke, don haka ganin sa a kwata labari ne da dole ya koma inda saniyar ta fito. Allurar rigakafinsa, Perivax, LANAVET, cibiyar gwaje-gwajen lafiyar dabbobi ta Kamaru, ke yi a Bokle nan kusa da Garwa.

Hanta a duba fuska biyu, a tsaga ta gefen ciki a ƙetare hanyoyin ɗaci, a matsa. Tsutsar hanta tana fitowa kamar ganye, tsawon ɗan yatsa. A tsohon ciwo hanyoyin sun yi kauri fari kamar bututu. Wannan cuta ta ruwa ce: ƙaramar katantanwa ke rainonta, shi ya sa shanun da suka yi rani a fadamun Logon, ko bakin dam ɗin Lagdo da na Maga, suka fi kawo ta. Tana ɗaukar wata uku zuwa huɗu kafin ta girma a hanta, don haka abin da aka gani yau an ɗauko shi ne tun watannin baya. Ƙunshin ruwa kamar ƙwai a hanta ko huhu wani abu ne daban, na tsutsar kare. Jefa shi ga karnukan kwata shi ne ke mayar da cutar gari, kuma tana kama mutum.

Sai saifa, ƙoda, kaluluwar hanji, hantsa da mahaifa. A gangar jiki a duba launi: rawaya har cikin farin tantani, ko ja mai duhu na rashin tsane jini, ko kitsen ƙoda da ya koma yauƙi don yunwa. (Ledar da ake cirowa daga tumbin shanun gari kuwa, wani lokaci dunƙule guda mai kilo da yawa, ita ma tana cikin dalilan ramar da ake ɗora wa sammore, cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa.)

Abin da aka ƙwace a yayyanka shi, a zuba masa kananzir, a ƙone ko a binne da zurfi a gaban mai dubawa. In an bar shi a kwandon shara, da yamma yana kan tire.

Hatimi dai ido ne da wuƙa. Ba ya ganin ƙwayoyin zawo da ke hawa nama idan an fasa tumbi a ƙasa. Maganin wannan aikin fiɗa ne: a ɗaure maƙoshi da dubura kafin a zaro kayan ciki, a rataye maimakon fiɗa a kan siminti, wuƙar fata daban ta nama daban, ana tsoma su a ruwa mai zafin digiri 82, a wanke tumbi nesa da nama.

Abban Farsha, Injamena

Gaisuwa ga Dokta da Malama da Baba Wakili. Daga wannan gefen kogi hoton ya ɗan bambanta. Ƙidayar dabbobin da aka yi tsakanin 2012 da 2015 ta ba Cadi shanu kusan miliyan 25, amma mafi yawan abin da ƙasar ke fitarwa a ƙafa yake fita, ba a nama ba. Mayankar Farsha da ke Injamena tun ƙarshen shekarun 1950 take, har ta taɓa tura nama ta jirgin sama zuwa ƙasashen kudu. Bijiman kasuwannin Masakori da Durbali da ke ƙetarawa zuwa Kamaru ta Kusuri su ne kuke gani a kasuwanninku, cutar da ke jikinsu kuma ba ta tsayawa nuna takarda a gada. Shi ya sa littafin kwatar Marwa yana ba da labarin garken Cadi, in da za a rubuta kasuwar da kowace saniya ta fito.

Abin da nake so in ƙara shi ne wanda wuƙar Malama ba ta gani: saurar magani. Tsarin da aka saba shi ne saniya ta kwanta, a yi mata allura, a jira kwana biyu, ba ta tashi ba, a kira mahauci. Oksitetrasaikilin mai dogon aiki, na kashi 20 cikin ɗari, awonsa mil ɗaya ne ga kowane kilo goma, kuma ana jiran mako uku zuwa huɗu kafin yanka. Diminazin na sammore, ƙunshi mai giram 2.36 na dabba mai kilo 300 ne, shi ma jiransa wajen mako uku. Tirikilabendazol na hanta yana kaiwa mako takwas. Abin da ke rubuce a jikin kwalba shi ne alƙali, don kamfani ya bambanta da kamfani. A aikace ana ninka awo, a zuba duka a wuri ɗaya a cinya, inda nama mai tsada yake. In an fiɗe za a ga tabo rawaya ko ruwan ƙasa mai kumburi a cikin tsoka. A yanke shi da faɗi, a kuma ɗauka cewa hanta da ƙoda sun fi ko'ina tara maganin. Illar ba ta rana ɗaya ba ce: ƙwayoyin cuta ne ke sabawa da maganin, ranar da yaro ya buƙace shi a asibiti ya ƙi ci.

Sai ciwon saifa, wanda kuskure ɗaya a kansa ya isa. Saniyar da ta faɗi farat ɗaya, ta kumbura da wuri, baƙin jini mara daskarewa yana fita ta hanci da dubura, ba a farke ta, ba a fiɗe ta, ba a jan ta a ƙasa. Da zarar jinin ya sha iska ƙwayar tana yin ƙwanso, ta zauna cikin ƙasa shekaru gommai. A ɗebi ɗigon jini daga kunne don gwaji, a ƙone ta a inda take ko a binne ta a rami mai zurfin mita biyu, a yi wa sauran garken allura. An gan shi a arewacin Gana da kuma Suleja a Najeriya a 2023. Gaggawar a sa mata wuƙa kada ta zama mushe ita ke kai mutane asibiti da baƙin gyambo a hannu. Yanka yana halatta nama, ba ya kashe cuta.

Haka ɗan tayi. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin sharuɗɗan cin sa, wannan fagensu ne. Ta fuskar lafiya, mahaifa da ruwanta su ne matattarar bakkale, kuma yaran da ake bari su kwashe su da hannu tsirara su ne ke fama da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da ciwon gaɓoɓi da gumin dare, ana ta ba su maganin sauro da na taifot. Maganinsa na gaskiya haɗin ƙwayoyi biyu ne na mako shida. Idan kuma bayan ambaliya aka ga tumaki da shanu suna ɓari da yawa lokaci guda, a tuna da zazzaɓin Rift da ya kashe mutane a jihar Tawa ta Nijar a 2016. Ta jini yake kama mahauci.

Ɗan Rumde, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Saura ta mai cefane. Hantar da aka samu tsutsa a ciki, in an ci, tsutsar za ta kama mutum? Kilishi da tsire fa, wuta tana kashe duk abin da kuka lissafa? Kuma tarin fukan nan, ta nama ya fi zuwa ko ta nono?

Malama Mai Hatimi, Garwa

A'a Malam, tsutsar hanta ba ta kama mutum ta cin hanta. Mutum yana ɗaukarta ne yadda saniya ke ɗauka, ta ɗanyen ganyen bakin ruwa ko shan ruwan fadama. Ana ƙwace hantar ne don ta lalace.

Wuta tana kashe ƙwayar tsutsar ciki idan zafi ya ratsa tsakiyar nama ya wuce digiri 60, sauran ƙwayoyi kuma a kai 70, wato ba sauran ja ko ruwan jini a ciki. Haɗarin tsire yana kan yanka mai kauri da aka babbake bayansa aka bar cikinsa. Kilishi shanya kaɗai ba abin dogaro ba ce, gashin ƙarshe ne ke kammala aikin. Abu biyu ba a dogara da wuta a kansu: naman dabbar da ciwon saifa ya kashe, da saurar magani.

Tarin fuka na shanu ta ɗanyen nono ya fi zuwa, kuma a yara sau da yawa ba tari yake sa su ba, kaluluwar wuya ce ke kumbura har ta fashe. Tsami ba ya tabbatar da mutuwar ƙwayar, haka ta bakkale. A tafasa madara tukuna, ta huce, sannan a zuba iri. Mahauta kuwa ta numfashi da yankan wuƙa suke samu. Wanda ya yi tari ya wuce mako biyu ya je a gwada majinarsa, ya kuma gaya wa likita sana'arsa, domin ƙwayar ta shanu ba ta jin pirazinamid, ɗaya daga magunguna huɗun da ake farawa da su, gwajin majina na yau da kullum kuma ba ya bambance ta da ta mutane.

Wakilin Fawa, Gaundare

Malama, ki ƙara wa mai cefane wannan: hatimi a jikin cinya da kafaɗa da haƙarƙari ake buga shi, kuma mahaucin da ya san namansa ya bi ta kwata yakan bar wurin hatimin a rataye har ƙarshen ciniki, ba ya fara yanke shi. In ba ka gan shi ba ka tambaya. Kayan ciki kuwa a saye su kafin hantsi, ballantana a Afrilun Garwa.